Ɗalibaina suna cin gwajin kalmomi, amma littafin yaƙi ya gagare su

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabuwar malama ce, ina koyar da adabin Turanci a aji biyu na babbar sakandare. Aikin wannan zangon ya ƙunshi kalmomi, gajerun labarai da littafin labarin yaƙi guda ɗaya, kuma an bar mini zaɓin littafin. Duk Litinin nakan ba su kalmomi ashirin su haddace, ranar Juma'a in yi musu gwaji. Suna cin gwajin, amma da mun buɗe littafi sai ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. In ƙara yawan kalmomin ne, ko in jinkirta littafin har sai sun ƙware?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi riƙo da hannunki a wannan aiki. Kada ki ƙara kalmomin, kada kuma ki jinkirta littafin. Abin da za ki canza shi ne inda kalmomin suke fitowa, da abin da ake yi da su bayan sun fito.

Wannan tsari naki na bi shi shekara da shekaru, na kuma san abin da ke sa malami ya riƙe shi: ana ganin maki, iyaye suna ganin littafin rubutu a cike, shugaban makaranta ya duba ya sa hannu. Ina tune da ranar da na dawo daga rakiyarsa. Akwai wani yaro mai ƙoƙari a ajina da ya ci ashirin bisa ashirin a gwajin Juma'a, cikin kalmomin har da “reluctant”. Ranar Talata muna karanta wani sakin layi, sai ga kalmar a tsakiyar jimla, ta ɗan yi wutsiya ta zama “reluctantly”. Na ce ya gaya mana halin da mutumin cikin labarin yake ciki. Yaron ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce, “Malam, ai ba mu yi wannan ba.” Gaskiya kuwa ya faɗa. Abin da muka yi shi ne haɗa kalma da ma'anarta kamar yadda ake haɗa lambar waya da sunan mai ita. Bai taɓa ganin ta a bakin aiki ba.

Jinkirta littafin ma ba mafita ba ce, lissafi kaɗai ya isa ya nuna miki. Paul Nation, masanin koyon harshe na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafi kafin ya karanta labari shi kaɗai cikin natsuwa, kuma ya ƙiyasta cewa littafin ƙagaggen labari na Turanci yana neman dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma da rassanta, kamar “reluctant” da “reluctantly”. In kina ba su ashirin a mako, ko da shekarar karatu ta kai mako 40, kalma 800 ke nan. Sai sun shekara goma suna hadda kafin ki buɗe musu littafi. Waɗanda suka san kalmomin nan a cikin karatu suka tsince su, kalma ta ci karo da su yau, ta sake cin karo da su jibi a wata jimla, har ta zauna.

Amfanin wannan ma'auni a gare ki shi ne auna nauyin littafi kafin ki ɗora musu. Ki kwafi shafi ɗaya daga tsakiyar littafin, mai kalma kamar 300, ki ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin duk wadda bai sani ba. Wanda ya ja shida ko ƙasa da haka zai iya karantawa a gida. Wanda ya kai goma sha biyar zai iya, amma sai da jagora. In akasarin ajin sun kai talatin, to kowane layi da tuntuɓe, kuma littafin nan a aji za a karanta shi da murya, ke da su, ba aikin gida ba ne.

Kalmomin da suka ja wa layi ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai na sana'ar yaƙi: ramin da soja ke fakewa, ɓaraguzan harsashin igwa, waya mai ƙaya, abin rufe fuska saboda iska mai guba. Waɗannan kada ki ɓata musu lokaci. Ki zana a allo, ko ki faɗa da Hausa, a wuce. A nan ma ɗalibanki suna da jarin da ba su san suna da shi ba, domin Hausa cike take da kalmomin bariki. Ki rubuta samanja, saje, kofur, farabiti, kurtu, hafsa, fareti, bataliya a gefe guda na allo, ki ce su nemo asalin kowace a Turanci. Za ki ga yadda fuska ke washewa in yaro ya gano cewa kurtu da “recruit” abu ɗaya ne. Akwai kuma kalmomin da ke yawo daga littafi zuwa littafi, masu bayyana gajiya da shakka da halin ko-in-kula da nadama. Su ne suka cancanci lokacinki, su ne kuma za su tare su a sakin layin da ba su taɓa gani ba ranar jarrabawar WAEC ko NECO. Biyar ko shida a mako sun isa, muddin daga shafin da ake karantawa aka ciro su, aka rubuta su tare da jimlar da suka zo a ciki.

Sai kashi na uku, wanda shi ne dalilin da ya sa nake ganin wanda ya haɗa miki kalmomi da labarin yaƙi a zango ɗaya ya yi miki gata. Labarin yaƙi mai kyau kusan kullum rigima ce tsakanin kalmomi iri biyu. Ga manyan kalmomi, irin na taro da rediyo da takardar gwamnati: ɗaukaka, kishin ƙasa, sadaukarwa, nasara. Ga kuma ƙananan kalmomi, irin na wanda abin ya faɗa wa: burodi, takalmi, ƙwarƙwata, keke. Da manyan ake tura yaro fagen fama, da ƙananan yake ba da labarin abin da ya tarar. Ɗalibin da ya koyi jin bambancin nan ya koyi kalmomi da adabi a lokaci guda.

Ki fara da gajeren labari, domin a zama ɗaya ake cinye shi, kuma yaron da ya kai ƙarshen labari ɗaya da kansa yakan yarda zai iya kai ƙarshen wani. Wanda na fi amincewa da shi shi ne “Civil Peace” na Chinua Achebe, a cikin tarin Girls at War na 1972. Shafuka kaɗan ne. Yaƙin basasar Najeriya, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970, ya ƙare. Jonathan Iwegbu ya fito da ransa, da matarsa Maria, da uku cikin 'ya'yansa huɗu, sai kekensa da ya binne a daji don kada a ƙwace. Ya tono keken, ya shafa masa mai, ya shiga ɗaukar fasinja. Ya koma Enugu ya tarar da ɗan gidansa a tsaye. Yara suna tsinko mangwaro su sayar, matar tana tuyar ƙosai. Sai aka karɓi kuɗin Biyafara da ke hannunsa aka ba shi fam ashirin, a daren nan kuma ɓarayi suka buga masa ƙofa.

Ki tsaya a kan fam ashirin ɗin nan, ko da zai ci miki darasi guda. Da farko ɗalibanki ba su san fam ba, tun da naira ta maye gurbinsa a 1973, fam ɗaya a naira biyu; amma wasunsu sun ji kakanninsu suna lissafi da shi. Sunan da hukuma ta ba kuɗin shi ne “ex gratia”, Latinanci ne, ma'anarsa abin da aka ba ka don alheri, ba don haƙƙinka ba ne. Mutanen cikin labarin ba su iya furta shi ba, sai suka mayar da shi “egg-rasher”. Ki tambayi ajin: akwai wanda mahaifinsa ya yi ritaya yana jiran garatuti? Hannuwa za su tashi. To garatuti da “gratia” da “grateful” da “gratitude” duk tsatso ɗaya ne. Daga kalma guda kin ba su dangi guda, kin kuma nuna musu cewa yadda Bahaushe ya lanƙwasa kalmar ofis ta dace da bakinsa, haka mutanen Jonathan suka yi. Sannan ki jefa musu tambayar da ta fi nauyi: mutumin da ya rasa ɗa, ya rasa aikinsa na haƙar kwal, aka ba shi fam ashirin aka ce alheri ne, me wannan suna yake ɓoyewa? Kada ki amsa musu. Ki bar su su yi gardama.

Wurin ɓarayin ma darasin kalmomi ne. Iyalin sun yi ta kururuwa suna kiran maƙwabta da 'yan sanda, ba wanda ya motsa, har ɓarayin da kansu suka taya su kira. Shugabansu yana magana da Turancin buroka, yana cewa yaƙi ya ƙare, yanzu lokacin zaman lafiya ne, alhali bindiga tana hannun yaransa. Daga bakinsa sunan labarin ya fito. Ki sa ɗalibai biyu su karanta wurin da murya, ɗaya Jonathan, ɗaya ɓarawo, sannan ki tambaye su me kalmar “peace” take nufi a ƙamus, me kuma take nufi a bakin ƙofar nan. Gari na wayewa Jonathan ya ɗaura tulunsa a keke, matarsa tana juya ƙosai a kasko. Wasu ɗalibai za su ce tawakkali ne, wasu su ce mutum ne da wahala ta kashe wa zuciya. Duk wanda ya kawo hujja daga shafin, ki ba shi makinsa.

Abu ɗaya zan roƙe ki a nan. Wataƙila a ajinki akwai wanda kakansa ya yi yaƙin a ɓangaren tarayya, akwai kuma wanda danginsa suka sha yunwa a ɗaya ɓangaren. Ki ba su tarihin a taƙaice, cikin adalci, ki dawo da su kan Jonathan da kekensa. Labarin bai zo neman wanda ya yi laifi ba.

Dogon littafin kuwa, in aka bar mini zaɓi, All Quiet on the Western Front na Erich Maria Remarque zan ɗauka. Da Jamusanci aka rubuta shi, ya fito a matsayin littafi a 1929, aka fassara shi zuwa Turanci a shekarar. Marubucin da kansa an ɗauke shi soja yana ɗan shekara 18 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ji masa rauni a 1917. Babi goma sha biyu ne, jimlolinsa gajeru, kuma mai ba da labarin, Paul, ɗan makaranta ne da bai fi ɗalibanki da shekara biyu ko uku ba. Wannan kusanci shi ke kama su. Aji guda ne na samari ashirin, malaminsu Kantorek ya yi ta yi musu huɗuba a kan kishin ƙasa har suka tafi tare suka ba da sunayensu. Akwai guda cikinsu, Behm, da ba ya so, kunya ce ta sa ya bi sahu, kuma yana cikin na farko da suka mutu. Ga “reluctant” ɗin da yarona ya kasa ganewa, ta sami fuska da suna.

Dubi yadda littafin ya buɗe. Ba da harbi ya fara ba, da abinci ya fara. An dafa wa mutum 150, 80 ne suka dawo daga fagen daga, saboda haka kowa ya sami rabon mutum biyu, kuma samarin suna murna sun ƙoshi. Ki karanta wannan da murya, ki yi shiru, ki bar su su yi lissafin saba'in ɗin da kansu. A babin nan ne Paul yake cewa kashi uku cikin huɗu na kalmomin soja daga ciki da hanji suke fitowa. A babin nan kuma muka ji abin da wasiƙar Kantorek ta ƙunsa, yana kiran su matasan ƙarfe, a daidai lokacin da suka dawo daga duba abokinsu Kemmerich, wanda aka yanke wa ƙafa yana kwance bai ma sani ba. Ki raba allo biyu tun daga ranar farko. Hagu, kalmomin Kantorek da irinsa. Dama, kalmomin Paul da abokansa. Kowane babi ɗalibai su ƙara abin da suka tsinta. Kafin ku kai tsakiyar littafin allon nan zai faɗi jigon labarin ba tare da kin rubuta musu shi ba.

Sannan ki sa su bi sawun takalman Kemmerich. Takalma ne masu kyau, na fata mai laushi, dogaye har gwiwa. Tun yana da rai abokinsu Müller yake kallon su, ba don mugunta ba, sai don ya san mai su ba zai sake sa su ba, kuma in bai ɗauka ba ma'aikatan asibiti za su ɗauke. Kemmerich ya mutu, Müller ya gaje su. Müller ya mutu, suka koma ƙafar Paul, shi kuma ya riga ya yi wa wani abokinsu, Tjaden, alkawarinsu. Na taɓa tambayar wani aji me suka gani a nan, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, “Malam, takalmin ya fi su tsawon rai.” Ban taɓa ba su ma'anar alama a adabi ba kafin ranar. Bayan ta faɗi haka ne na rubuta kalmar a allo, kuma ba na jin akwai wanda ya manta da ita a ajin nan. Haka nake so ki riƙa yi da duk kalmomin fannin adabi: abin ya fara bayyana a shafi, sannan a raɗa masa suna.

Sunan littafin ki ajiye shi sai ƙarshe. Paul ya mutu a Oktoban 1918, saura makonni a tsagaita wuta, a ranar da rahoton rundunar soja bai wuce jimla ɗaya ba: babu wani sabon abu a fagen yamma. Jimlar nan ita ce sunan littafin da Jamusanci. Harshen ofis ne, ya shafe mutumin da muka bi babi goma sha biyu kamar ba a taɓa yin sa ba. Ki gaya musu kuma cewa a 1933 'yan Nazi sun ƙona littafin a bainar jama'a, ki tambaye su wace kalma ce a cikinsa ta tsorata masu mulki haka. Sai dai ki karanta shi kaf kafin ki shiga aji da shi. Akwai maganar bayan gida a fili, akwai kuma wani wuri a babi na bakwai da samarin suka haye ruwa wurin wasu 'yan matan Faransa. Ki san yadda za ki bi da su gwargwadon makarantarki da iyayen yaranki.

In kin fi son na gida, akwai biyu. Burma Boy na Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya fito a 2007, labarin wani yaro ne, Ali Banana, da ya shiga sojan Ingila aka kai shi dajin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Littafin cike yake da samanja da farabiti da janar, ɗalibanki za su ji kamar a gida suke, wasunsu ma a zuriyarsu akwai mazan jiya da suka je Bama. Sai Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, 1985, wanda aka rubuta da gangan cikin gurɓataccen Turanci, a bakin wani yaron mota mai suna Mene da manyan kalmomin manya suka ruɗa har ya sa kaki. Littafi ne mai ƙarfi, amma ba zan ba ajin da ke fama da daidaitaccen Turanci shi gaba ɗaya ba. Shafi biyu sun isa, a ajiye su kusa da huɗubar Kantorek.

Kada kuma ki raina abin da suka karanta a ajin Hausa. Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ta Zariya, jarumi ne ke ba da labarin gwabzawarsa da Turawa da bakinsa, da kirari da bugun ƙirji. Ki nemi malamin Hausa ya ara miki shafi ɗaya. Harshen barde ne, na sulke da kwalkwali da garkuwa, inda ake sanin mai sara da wanda aka sara. Ki aza shi kusa da wurin da Paul ya kwana a rami ɗaya da Bafaranshen da ya soka, ya buɗe jakar aljihunsa ya ga hoton matarsa da 'yarsa, ya gano cewa ma'aikacin ɗab'i ne. Ba don a ce wani ya fi wani ba. Don su ga cewa kowane marubuci yana zaɓen kalmominsa, kuma zaɓen nan ne ke sa mai karatu ya ji sha'awar yaƙi ko ya ji tsoronsa.

Wani abu da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina: a yau, a makarantunmu da yawa, yaƙi ba labarin littafi ba ne. Kina iya samun yaron da iyayensa suka baro Borno ko Zamfara da kayan jikinsu kawai, ko wanda mahaifinsa soja ne bai dawo ba. Ki sanar da ajin kafin babi mai nauyi. Kada ki taɓa nuna yaro ki ce ya ba da labarin abin da ya gani. In ya kawo da kansa a rubuce, ki karanta ke kaɗai, ki yi masa magana a keɓe. Wanda ya nemi fita waje, ki bar shi ya fita ba tare da tambaya ba.

Gwajin Juma'a kada ki soke shi, ki canza masa fuska. Ki ba su sakin layi ɗaya daga babin makon, ki ja layi ƙarƙashin kalmomi biyar, kowace su faɗi abin da take nufi a wannan wurin da abin da ya nuna musu haka a cikin jimlar. Sai tambaya ta shida: su zaɓi kalma ɗaya, su musanya ta da wata mai kama da ita, su faɗi abin da aka rasa. Makin makonni biyun farko zai faɗi, ki sanar da shugaban sashenku tun da wuri don kada a ɗauka aikinki ne ya ja baya. Ranar Litinin mai zuwa ki shiga da “Civil Peace”, kwafi ɗaya ga kowane benci in takarda ta yi ƙaranci, ki karanta musu shafin farko da bakinki, a hankali, har zuwa inda Jonathan ya tono kekensa.